Ba Za a Goge Facinki Ba, Yaya

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yayarmu ta wurin aiki, wadda duk ofis ya sani da Mai Faci. An yi mata tiyata a ciki, likitoci suka ce aiki ya yi kyau, har ta fara tashi zaune tana tsokanar masu jinya, sai kuma jiki ya rikice. Mijinta ne ya kira ni. Ina zaune a teburina, kujerarta na gefena ba kowa, kofin shayinta na kife a inda ta bar shi. Ya ce, "Ƙanwarmu, sai haƙuri, Yayarki ta cika." Na riƙe wayar a kunne har ya gaji ya kashe.

Yaya, washegari sakatariyar kamfani ta turo mini saƙo, wai tunda ni na fi kowa kusa da ke, in rubuta 'yan layukan da za a ɗora a shafin kamfani. Har da taimaka mini da kalmomi: mai haƙuri, mai sanyin hali, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Na karanta, dariya ta ƙwace mini ina cikin hawaye. Wace ce wannan? Ni dai ban san ta ba. Wadda na sani ta kai ruwa rana da duk manajan da ya taɓa zama a ofishin nan, ta kuma kori mutum daga teburinta don ya ce wa masu tsofaffin wayoyi matsala. Ba zan yi miki ƙarya kina kabari ba. Abin da na sani zan rubuta, in sun ga dama su ɗora, in ba su ga dama ba su bari.

Wanda bai san aikinmu ba, ga shi a taƙaice. Ƙaramin kamfani ne a saman wani shagon buga takardu, ɗaki biyu da baranda, in injin ƙasa ya tashi sai teburanmu su yi ta rawa. Mu ke kula da shafin intanet da iyalan fursunoni ke shiga su nemi ranar ziyara a gidan yari. A da layi ake yi a bakin ƙofa, rabin mutane su koma gida ba su ga kowa ba. Yanzu an hana layin, sai wanda ya kama rana a shafin ake bari ya shiga. Ke nan in shafin ya ƙi buɗewa a wayar mutum, ba zai ga ɗansa ba, ba za ta ga mijinta ba. Masu zuwa gidan yari kuwa, galibinsu ba masu sauya waya duk shekara ba ne.

A nan aikinki yake. Mu yaran zamani muna rubuta kod, wato umarnin da shafin ke aiki da shi, da sabon salo, gajere, mai daɗin karantawa. Burauza ita ce manhajar da waya ke buɗe shafi da ita. Ta cikin sabuwar waya ta san salon. Ta tsohuwar waya ba ta san shi ba, kuma ba ta yin kara: da ta ci karo da alama guda da ba ta gane ba, sai ta ajiye aikin gaba ɗaya, ta bar mutum da farin shafi. Ke ce mai saita injin da ke juya sabon kod ya koma tsohon salo kafin a sake shi, wanda ake kira turansfaila. Ke ce kuma mai zaɓar 'yan guntayen kod da ake ƙarawa don su cike abin da tsohuwar burauza ta rasa. Turawa na ce musu folifil. Kika ce bakinki ba zai wahala ba, a shagon mijinki tela kin ga yadda ake rufe ɓula, don haka sunansu faci. Ofis ya ɗauka, daga baya sunan ya dawo kanki.

Ina tuna satina na farko. Na gama wani aiki ina ta murna, na ce ai an juya kod ɗin, dole ya yi a ko'ina. Kika dube ni ta saman tabarau, kika ce, "'Yar Gaggawa, zauna. Juyi daban, faci daban. Juyi yana gyara yadda kika faɗi magana. Amma in kin ce wa burauza ta ɗauko abin da ba ta da shi, ko da yaren kakarta kika faɗa ba za ta ɗauko ba. Sai kin kai mata abin." Kika nuna mini dalilin da ya sa faci ke fara sauka kafin sauran kod, don wanda ya zo bayan an neme shi bai yi amfani ba. Tun ranar sunan 'Yar Gaggawa ya bi ni, har maigadi da shi yake kirana.

Ba kya zuba faci barkatai. Masu cewa kin cika shafin da kaya ba su taɓa buɗe fayil ɗin saitinki sun karanta ba. Kin raba shafin gida biyu: sabuwar waya ta samu nata marar nauyi, tsohuwa ta samu wanda aka juya aka yi wa faci, kowace ta ɗauki abin da za ta iya. Facin da ba a amfani da shi ba kya barinsa ya kwana. Kina cewa mai tsohuwar waya shi ne ya fi kowa ƙarancin data, zalunci ne a ɗora masa abin da ba ya buƙata.

Sai ranar da Iya ta hawo benenmu. Dattijuwa ce siririya, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, da waya a naɗe cikin hankici. Ta sha hanya, ta tambayi mutane har aka nuna mata inda masu shafin suke. Ɗanta guda ne, direban babbar mota, tsautsayi ya rutsa da shi a hanya aka rasa rai, aka yanke masa shekaru. Duk wata tana zuwa ganinsa. A watan da ta zo, ta buɗe shafin, sai fari fat. Wani abokin aikinmu da muke kira Dogo ya karɓi wayar, ya juya ta, ya ce, "Iya, ai wannan ta tsufa, sabuwa za ki nema."

Iya ta karɓe abarta. Ta ce, "Ɗan nan, wayarsa ce. Da hannunsa ya ba ni ita a ranar da za a tafi da shi, ya koya mini inda zan danna. Ko an ba ni wata ban san kanta ba, kuma ba na so."

Kika taso daga teburinki, kika ba ta kujerarki, kika ce, "Iya, zauna ki huta. Wayarki lafiyarta ƙalau, mu ne ba mu da lafiya." Dogo ya sha jinin jikinsa, ya koma wurinsa.

Kika haɗa wayar da kwamfutarki kika shiga bincike. Kod ɗinmu duk an juya shi, faci duk suna nan, amma shafin ya ƙi. Har bayan azahar kina kai, Iya na gefe tana gyangyaɗi. Ashe kalandar da ake zaɓar rana a kanta ba mu muka rubuta ba, ta wasu ce muka ɗauko, kuma a sabon fitowarta masu ita sun daina juya kod ɗinsu. Injinmu na juyi kuma tun asali an saita shi ya tsallake duk kayan da aka aro daga waje, bisa zaton masu shi sun riga sun gyara. Layi guda a cikin kayan aro ya rufe wa mutane ƙofa, mu muna nan da sababbin wayoyinmu muna ganin komai daidai. Kika sa injin ya riƙa bi ta kan kalandar ita ma, kika sake shafin, kika miƙa wa Iya wayar, kika ce ta danna da kanta. Da ranakun suka fito, sai ta kama hannunki ta riƙe. Ke kuwa fushi kike. Kika ce wannan mai ƙarfin hawa bene ce, sauran fa da suka ga farin shafi suka ɗauka an hana su ziyara ne?

Daga ranar kika kafa dokar da ta sa aka yi ta jin haushinki. Duk wanda yake son a cire wata tsohuwar burauza daga cikin waɗanda muke tallafawa, babu laifi, amma sai ya ɗauki waya ya kira mutum guda mai amfani da ita, cikin waɗanda suka taɓa neman taimakonmu suka bar lambarsu, ya gaya masa da bakinsa cewa daga wata mai zuwa shafin ba zai buɗe masa ba. Manajan lokacin ya ce wannan ba tsarin aiki ba ne. Kika ce, "Yallaɓai, in abin daidai ne, me zai hana a faɗe shi? Ga waya." Ya dubi wayar, ya ce a bar maganar zuwa wani zama. Zaman bai zo ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Ba riƙon tsohon kaya ne ya dame ki ba, wannan ma ina so a sani. Akwai wata tsohuwar burauza da ta fi kowace ba ki wahala, saboda kwamfutar wani ofishin taimakon jama'a da ke kama wa marasa waya rana. Ke da kanki kike kiransu lokaci-lokaci. Ranar da matar ofishin ta ce an kawo musu sababbin kwamfutoci, kika ajiye waya, kika goge facin nan kaf kina waƙa, har mai shagon ƙasa ya leƙo ya ga ko lafiya. Kika ce mini, "Kin gani? Ana cirewa. Amma sai mutum ya tashi ake janye kujera."

Alherinki gare ni ban san ta inda zan fara ba. Lokacin da ɗana ya kwanta asibiti, kin karɓi aikina kin haɗa da naki, ba ki gaya wa kowa ba, har manaja ya yaba mini a taro kan abin da ban taɓa ba. Na buɗe baki zan yi magana kika taka mini ƙafa. Da na dawo kuma ba ki raga mini ba, kin dawo mini da aikina sau da yawa kina cewa in gwada a wayar da ta fashe a fuska, wadda ke cikin aljihun teburinki. In 'yarki ta fari ta biyo ofis daga makarantar koyon jinya, sai ki ce mata, "Gai da ƙanwar uwarki." Ni da ba ni da yaya mace a gidanmu, a wurin aiki na samu. Ina kewarki, Yaya, kewa mai zafi, kuma har yanzu in na ga abin dariya a kod sai in juya gefenki.

To, ga abin da ya sa nake rubutu da zafin rai. Ƙasar kabarinki ba ta gama bushewa ba sabon manaja ya tara mu. Ya fara da addu'a, ya ce an yi babban rashi, sannan ya buɗe allo. Ya ce tsarin da muke gina shafin a kansa ya fito da sabon zubi, mai sauri, mai tsaro, amma masu shi sun daina kula da tsofaffin burauza. Ya ce masu irin waɗannan wayoyi ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu shigowa ba. Ya ce fayil ɗin saitinki ya yi sarƙaƙiya, ba mai iya taɓa shi, kuma, Allah Ya jiƙan rai, marigayiya ta bar mana gadon wahala. A ƙarshe ya dube ni ya ce, "Malama, ke kika fi sanin wurin. Ki goge ɓangaren tsofaffin, mu wuce gaba."

Ba zan zalunce shi ba, ba duk maganarsa ce banza ba. Sabon zubin ya fi, ke ma kin faɗa. Riƙe gida biyu aiki ne, yana cin lokaci, kuma kullum masu kayan aro suna ƙara nisa da tsofaffin wayoyi. Amma ɗaya cikin ɗarin nan ba ragowar lissafi ba ne. Uwaye ne da mata da tsofaffi, waɗanda ba su da wata ƙofa sai wannan, tunda an hana layi. Kuma gadon wahalar da yake faɗa, ni na karanta shi layi-layi a gefenki. Babu saiti guda a ciki da ba a san fuskar wanda aka yi shi dominsa ba.

Na ce, "Yallaɓai, za a iya hawa sabon zubin, a bar shafin kama rana da juyinsa da facinsa. Zai ɗauki lokaci, amma zan yi."

Ya ce, "Ba mu da wannan lokacin."

Na ce, "To, akwai dokar ofishin nan. Wanda zai cire, shi zai kira."

Ya yi murmushi, ya ce doka ta bi mai ita. Na dubi sauran. Kowa ya sunkuyar da kai yana duba allonsa, sai Dogo, shi da kika taɓa wanke shi tas, shi ne ya ce a hankali, "Ni dai ba zan goge ba." Manaja ya rufe kwamfutarsa, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata in yi tunani, kuma in tuna kamfani ba ya rasa ma'aikata.

Na yi tunanin, Yaya. Ina da ɗa, ina da mahaifiya a hannuna, aikin nan ba wasa ba ne a wurina. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Ina cikin wannan hali, shekaranjiya wayar ofis ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar Iya. Ta ce a haɗa ta da 'yar nan mai tabarau, ta ji shiru kwana biyu, ita kuwa takan kira ta ta tambayi ko shafin na buɗewa. Ban san kina kiranta ba. Dole ni na gaya mata. Ta yi salati. Ta yi miki addu'a irin wadda uwa ke yi wa 'yarta. Sannan muryarta ta yi ƙasa, kamar mai jin kunyar tambaya a irin wannan lokaci, ta ce, "'Yar nan, to yanzu wata mai zuwa zan ga yaron?"

Na ce, "Za ki gan shi, Iya, da yardar Allah."

Ba wanda ya ba ni izinin faɗin haka, kuma ban nemi izinin kowa ba. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Saboda haka ga amsata tun kafin ƙarshen wata, a rubuce, inda kowa zai gani. Hannuna ba zai goge facin nan ba. Zan yi aikin hawa sabon zubin, zan juya abin da ke buƙatar juyi, zan bi kayan aro ɗaya bayan ɗaya, zan gwada a wayar da ta fashe. In an ga hakan bai yi ba, a nemo wani hannun, a kuma nemo wata ma'aikaciyar. Amma wanda zai zauna a kujerata ya sani, akwai dattijuwar da aka yi wa alkawari a wayar ofishin nan, kuma za ta sake kira.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, wadda ta ce mana a zaman gaisuwa tun kina yarinya ba a cin zalin wani a gabanki ki yi shiru. Ina miƙa ta ga mijinki, wanda ya kasa buɗe shagonsa har yau, ga 'yarki ta fari da ta riƙe gidan da ƙarfin hali, ga autanki da ke ta tambayar abin da ba mai iya amsa masa, da ƙannenki da duk dangi. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya raya abin da ta bari, Ya sa albarka a cikinsu. Ina kuma yi wa waɗanda ba su taɓa jin sunanki ba ta'aziyya, waɗanda suka danna tsohuwar waya shafi ya buɗe, suka je suka ga nasu, ba su san akwai wadda ta tsaya musu ba.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Tana da zafi, Kai Ka fi mu sani, amma ba mu taɓa ganin ta yi zafin don kanta ba. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ta ƙi yarda a rufe wa masu rauni ƙofa a duniya, kada Ka rufe mata ƙofar rahamarKa. Mu da muka rage Ka ba mu ƙarfin zuciya, Ka kyautata namu ƙarshen. Kuma ya Allah, Ka ba ni ikon cika abin da na gaya wa Iya, kada in zama maƙaryaciya a wurin tsohuwar da ke son ganin ɗanta. Amin.